Kwantenata Ba Ta Legas Ba Ce

Aikin a baki ba wuya. Manhajoji uku ne, ɗaya ta karɓi oda, ɗaya ta cire kuɗi, ɗaya ta tura saƙon waya, manhajar Kafka kuma ita ce 'yar aike a tsakaninsu. Aka ce in gwada su a kwamfutata kafin a ɗora a saba, wato babbar kwamfutar da za su yi aiki a kanta. Na ce ai da Docker, manhajar da ke killace kowace manhaja a wani ɗaki nata da ake kira kwantena, zance ya ƙare, kowacce a kwantenarta.

Kwamfutar kuwa ta hannu ce na saya a PZ ta Zariya, RAM ɗinta giga 4. Ina tayar da Kafka da PostgreSQL, manhajar ajiyar bayanai, fankarta ta kama ƙugi kamar injin markaɗe. Datar da na saya ta wata guda kuwa, sauke kayan kawai ya lashe ta kafin la'asar. Wuta ba a maganarta, shagon mai caji a Samaru ya zama ofishina.

Ana cikin haka Inna ta ji ina waya ina cewa kwantena biyar na tayar, ɗaya ta ƙi tashi.

"Ɗan nan, kwantena har biyar ka yi oda ba ka faɗa min ba?"

"Inna, ta cikin kwamfuta ce."

"To Allah Ya kawo su lafiya."

Kafin magariba labari ya kai Tudun Wada. Gwaggo ta aiko a ajiye mata atamfa turmi biyu.

Ni kuwa kwana uku manhajar oda tana cewa ba ta ga Kafka ba, alhali ga Kafka zaune a ƙofa ta 9092, ina kallonta da idona. Na goge, na sake, har tofi na yi wa allon. Sai wani abokina ɗan unguwar Kongo ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Mutumina, localhost ka rubuta a adireshin Kafka? Ai kamar ka ce wa yaro je ka gidanmu ne. Kowace kwantena gidan kanta take nufa."

Ashe kwana ukun nan manhajar ɗakinta take ta laluba. Ya sa kafka:9092, ya gyara adireshin da Kafka ke ba masu nemanta, saƙo ya wuce fit. Ko minti biyu bai yi ba, ya ci min tsire na dubu biyu.

Na dawo gida da murna na ce Inna an dace, duk sun tashi. Ta ce madalla, ta tambaya ko direban ya wuce Kaduna.