Muna Son Sola, Amma a Bar wa Manomi Gonarsa

Duk mazaunin Kano ya san halin da muke ciki da wutar lantarki. Mai walda, mai ƙanƙara, tela, kowa janareta ke riƙe da shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 janaretan ma ya gagari da yawa. Don haka ina cikin masu murna da sola. Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, ta Kumbotso mai megawat 10 aka buɗe ta a 2023. Allah Ya ƙaro mana irinsu.

Damuwata ƙasar da za a shimfiɗa farantan ce. Megawat ɗaya yana cin kusan hekta 2, kuma mai zuba jari shimfiɗaɗɗen fili yake nema kusa da babban layin wuta. A kewayen Kano, irin wannan fili gonar wani ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, idan aka karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kanta ce, amfanin gona da bishiyoyi da gini, ban da ƙasar kanta. Magidanci ya karɓi ɗan abin da ba zai kai shi baɗi ba, gonar gado ta tafi.

Sannan sola ba ta shiri da inuwa, sai an share fili tas. Gawo da ke taki gona, ɗorawa, kuka, tsamiya, bishiyoyin da kakanninmu suka ƙi sarewa, duk su faɗi a jihar da hamada ke matsowa. Burtalin makiyayi ma a katange shi. Wallahi wannan yana ci mini rai.

Alhali rufin kwano ya cika garin nan. Kantin Kwari, Singa, rumbunan Dawanau, masana'antun Sharaɗa da Bompai, makarantu, asibitoci, rana na dukansu a banza. An gwada a kasuwar Sabon Gari, shaguna sun samu wuta ba a taɓa gonar kowa ba. Akwai faƙo da tsofaffin ramukan ɗibar ƙasa, akwai saman ruwan Tiga, tunda Indiya da Sin suna ɗora faranti a kan madatsunsu.

Ina roƙon gwamnati ta rubuta a doka cewa ba za a taɓa gonakin rani na Kura da Kadawa da dajin Falgore ba. Inda ya zama dole a shiga gona, a yi haya da manomi, a riƙa biyansa duk shekara, ƙauyensa kuma ya fara samun wutar kafin a kawo mana birni.