Fenti kaɗai ba ya gyara makarantar kwana

Wani rahoto ya ce an gyara wata makarantar kwana, amma fenti da sabon kwano kawai aka lissafa, ba a ambaci ruwa ba. Da yawan irin waɗannan makarantun kwana tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato aka gina su, kafin a cire Kebbi a 1991, ɗalibai kuwa sun fi ƙarfin ginin. Daga Maris zuwa Mayu ruwa kan yi ƙasa, injin burtsatse ya yi ta jan iska har ya ƙone. Yara na layi da bokiti tun asuba, karin kumallo ya makara, darasin farko ya wuce su. Duk mai cewa laifin malamai ne, don Allah ya leƙa tankin ruwan tukuna. Nawa aka ware wa gyaran injin duk zango?