Ba komai ake ɗora wa hanji ba

Wani marubuci ya ce shan furobayotik, wato bakteriya masu amfani ga hanji, zai daidaita homon ɗin mace gab da ɗaukewar al'ada. Anya kuwa? Gaskiya ne wasu bakteriyar hanji kan farfaɗo da istirojin, wato homon ɗin mace, wanda hanta ta riga ta sallama, ya sake komawa jini. Amma tushen abin gidan ƙwai ne, aikinsa ke ja da baya har al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, babu ƙwayar maganin da za ta hana. 'Yar'uwa da kika ce wata uku cikinki kullum a kumbure, don Allah ki ga likita, kansar gidan ƙwai ma kan zo da wannan alamar. Me ya hana marubucin faɗin haka?