Ba jifa ba ne, sunan cutar Guillain-Barré

Jama'a, akwai wani likita ɗan ƙasar Jafan mai suna Nobuhiro Yuki. Ban taɓa jin ya taka unguwar Aboabo ta Kumasi ba, amma ni ina ganin muna da bashin godiyarsa a wuyanmu, kuma yau sai na faɗi dalili.

Shekarun baya ɗan maƙwabciyarmu, saurayi mai koyon ɗinki a kasuwar Kejetia, ya yi gudawa ta kwana uku, ta wuce, kowa ya manta. Bayan kamar mako biyu sai ya ce tafin ƙafarsa na yi masa kamar ana tsira allura. Washegari hawa trotro, wato motar haya, ya gagare shi. Kafin Juma'a ta zagayo hannunsa ya kasa riƙe kofi. Yaro da hankalinsa, yana magana sarai, amma jiki na mutuwa daga ƙasa yana hawa sama.

Kun san mu. Nan da nan aka ce jifa ne. Aka fara kallon wata baiwar Allah da suka taɓa yin cacar baki da uwar yaron a bakin famfo, har wasu suka daina amsa mata gaisuwa. Wallahi har yau idan na tuna fuskar matar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Kawunsa ne ya dage aka kai shi asibiti. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Hajiya, ya yi gudawa kwanan nan?" Uwar ta yi sororo. Me ya haɗa gudawa da shanyewar ƙafa?

To, a nan aikin Yuki ya shigo. Ita cutar da ta kama yaron, Guillain-Barré, an san ta tun 1916, lokacin da likitocin Faransa, Guillain da Barré da Strohl, suka bayyana ta a jikin sojoji biyu. An daɗe da lura tana biyo bayan mura ko ciwon ciki, amma yadda abin ke faruwa ya zauna a duhu. A 1993 Yuki da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar cutar Campylobacter, wadda ake yawan ɗauka daga naman kazar da bai dahu ba, tana da wani abu a bayanta mai kama da sinadarin GM1 da ke jikin jijiyoyinmu. Garkuwar jiki ta fito yaƙi da ƙwayar, sai kamannin ya ruɗe ta, ta afka wa jijiyar mai ita. A 2004 suka yi wa zomaye allurar wannan abin na ƙwayar, ƙafafun zomayen suka shanye irin na mutane. Shekara goma sha ɗaya tsakanin nan da can, mutum yana bin abu guda.

Masana suna auna juna da yawan takardun da suka rubuta da yawan masu ambatonsu. Ni awona daban ne: likita a Kumasi ya kalli yaron da ba ya iya tsayuwa, ya san tambayar da zai yi, ya san dole a sa wa numfashinsa ido. Domin cikin masu wannan cuta, kusan ɗaya cikin huɗu sai an haɗa su da na'urar numfashi. Kwana biyun da ake ɓatawa ana neman wanda ya yi jifa, su ne kwanakin da ƙirji zai iya tsayawa.

Ba na hana kowa addu'a. Mun yi, muna kuma yi. A yi ta a gefen gadon asibiti.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne magani. Akwai shi: wankin jini, ko ƙarin ruwan garkuwa na kwana biyar, wanda likitocin Holan suka gwada a 1992 suka ga yana aiki. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin mai sayar da koko da ƙosai. Ilimin ya iso mu, maganin ya tsaya a hanya. Shi ya sa nake so yaranmu na zango da ke karatun likita a jami'ar KNUST ta Kumasi su shiga fannin jijiyoyi, su yi bincike a kan marasa lafiyarmu, su kuma ɗaga murya kan farashi.

Yaron ya tashi. Wata bakwai yana gashin ƙashi, daga keken guragu zuwa sanda, yanzu yana taka keken ɗinkinsa. Matar da aka zarga kuwa ta tashi daga unguwar tun kafin a sallamo shi, kuma har yau ba wanda ya je ya ba ta haƙuri.