Injin niƙa mai taya biyu

Bara riɗi ya yi mini kyau. Da na kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi na sayar, na biya masu aiki da bashin taki, na duba abin da ya rage, sai zuciya ta raya mini cewa lokacin fita daga sahun masu babur ɗin Boxer ya yi. A ƙauyenmu, can tsakanin Ringim da Taura, liman Boxer gare shi, mai unguwa Boxer, mai kifi Boxer, yaron da jiya-jiya aka yi wa kaciya ma buhu uku yake ɗaurawa a bayan Boxer. In ka ajiye naka a ƙofar masallacin Juma'a, sai ka yi ta zura makulli a baburan mutane kafin ka gano shi.

Na shiga Kano wajen 'yan babura na Fagge. Wani dillali ya dubi hulata, ya dubi aljihuna, ya ja ni wani lungu ya yaye tamfol. Babur ne ɗan Kwatano, ƙirar Japan, baƙi wuluk, dogo, cikinsa dab da ƙasa. Siti faffaɗa, kai a baje, wurin ɗora ƙafa can gaba, salansa biyu suna ɗaukar ido. Inji 750, silinda biyu a siffar V, alhali Boxer ɗinmu 100 ne da silinda ɗaya tal.

"Alhaji, wannan ba hawansa ake yi ba, kishingiɗa ake yi a kansa," in ji dillalin.

Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma wannan Alhajin da ya kira ni shi ya cinye kuɗin riɗin. Na biya kaso mai tsoka, muka yi alkawarin ciko in an cire zoɓo.

Tun kafin in wuce Gezawa na fara jin wani abu yana tasowa daga tafin ƙafata. Na ce ƙarfi ne. Da na sauka daga kwalta na kama hanyar ƙauye, sai abin ya hau gwiwa, ya bi ƙashin baya, ya zo ya zauna a haƙora. Madubi kuwa, duk wanda ya biyo ni sai ya koma mutum uku. Hulata ta riƙa tafiya da kanta, tana zamowa a hankali har ta rufe mini ido. Ina shiga gari yara suka biyo ni da gudu, wata tsohuwa kuma ta leƙo daga zaure da ƙwaryar gero a hannu, wai ta ɗauka sabon injin niƙa aka kawo. Sunan da ya bi babur ɗin ke nan har yau.

Abin bai tsaya a kan hanya ba, har gida yake raka mutum. In na sauka, yatsuna sai su yi ta zuga, ba na jin abin da na riƙe. A teburin mai shayi na ɗaga kofi, rabin shayin ya ƙare a rigata. Mai shayin ya matso kusa ya rage murya, ya ce akwai mai kemis da ke awon hawan jini a Ringim, kada in ji kunya. Uwargida sau ɗaya na goya ta zuwa gidan suna. Da muka isa ta sauka, ta tsaya riƙe da katanga har ƙasa ta daina motsi, sannan ta ce, "Malam, in an tashi komawa ka yi gaba abinka, zan biyo amalanken maƙwabta." Lambar babur ta faɗi wani wuri tsakanin gonata da rijiya, har yanzu ba a tsinta ba. Wayata kuma in tana aljihun gaba, ko an kira ban sani ba, don rurin salansa ya danne ƙararta, jijjigarta kuma ta narke cikin ta babur. Wannan kaɗai ne ban kai kukansa ga kowa ba, domin mai yawan kiran dillalin nan ne, tun zoɓon bai yi fure ba. Da dare in na ga kiransa sai in tura saƙo: "Afuwan, ina kan babur." A hankali har ranar da nake kwance a kan tabarma ma ina kan babur.

Abin da ya sa na tashi neman magani haiƙan shi ne kindirmon surukata. Ta yi rashin lafiya ta warke, uwargida ta ce babu abin da take marmari sai fura da kindirmo. Na je ruga da kaina na sayo mai kauri, wanda in ka tsaya da ludayi a ciki ba ya faɗuwa, aka zuba mini a jarka, na ɗaure ta tamau a baya. Na isa, na durƙusa na gaishe da Inna, ƙanwar matata ta karɓi jarkar ta juye a ƙwarya a gabanmu. Sai ga tsala tsararo, ruwa-ruwa, ga kuma curin man shanu ya faɗo a kai, tim. Aikin da Bafulatana ke zama ta yi da gora tun hantsi, babur ya gama shi a hanya ba tare da an roƙe shi ba. Inna ta dubi ƙwaryar, ba ta dube ni ba, ta ce wa 'yarta, "Ki ce masa an gode. Man ma ai tsada yake yi." Gara a ce ta zage ni.

A majalisa kowa ya zama likita. Wani ya ce mai babur ɗin na farko a kansa ya mutu. Wani ya ce man 'yan bumburutu ne, a daina ba shi na galan. Gwaggona ta aiko da garwashi da turare aka yi masa hayaƙi, ya sha ƙamshi ya ci gaba da rawarsa. Kawu, wanda ya yi shekaru yana tuƙin tifa, ya ce in cire robar hannu in ɗura rairayi a cikin bututun kan babur ɗin. Aka yi masa dariya har da masu riƙe ciki.

Bakaniken garinmu mutumin kirki ne, kuma Boxer ko a duhu zai kwance ta ya ɗaure. Ya zagaya nawa yana neman kik bai samu ba. Ya ce, "Oga, fulogi ne." Ya canza guda biyu. Ya ce silo ya yi yawa, ya rage shi har injin ya koma bugawa ɗaya-ɗaya, babur yana tsalle a kan jak. Daga nan ya yanko tsohon tiyub ya bi duk abin da ke motsi ya ɗaure da danƙo: madubi, salansa, fitila, har murfin tanki. Na fito da babur a naɗe, ga karkarwa tana nan, sai dai yanzu ba ta da ƙara, a jiki kawai ake jin ta.

Dillalin ne, cikin wani saƙon neman cikonsa, ya kwatanta mini wani dattijo a wajen Ƙofar Ruwa da ke gyaran manyan babura. Na same shi a kan benci yana cin goro. Bai tashi ba. Ya ce in tayar. Ya saurara kaɗan, ya kurɓi ruwa a buta ya fesa wa bakin salansar gaba, ta yi cuu. Ya fesa wa ta baya, ruwan ya tsaya yana kallonmu.

"Ɗana, tun yaushe kake yawo da silinda ɗaya da rabi?"

Na ce, "Baba, an canza fulogi duka biyun."

"Huɗu ne. Kowace silinda biyu gare ta."

Yaronsa ya zaro na silindar baya. Wanda ba a taɓa ba ya yi baƙi ƙirin, sabon ma har ya fara kama hayaƙi, domin kafiretar bayan tana ɗura mai fiye da kima. Nan Baba ya gyara zama ya ce karkarwar babur iri biyu ce, akwai ta gado, akwai ta sakaci. Ta gado ba ta da magani, don inji mai siffar V in bakinsa a tsuke yake, da ɗingishi aka haife shi. Ɗansa, wanda ya yi karatun injiniya, ya karɓe zancen da lissafi. Ya ce uban wannan salo shi ne Harley-Davidson na Amurka, kamfanin da ya fara a Milwaukee a 1903. Silindunsa digiri 45 ne tsakaninsu, hannayen fistin biyun kuma wuri ɗaya suka kama a jikin karanshaf. Ɗaya ya buga, karanshaf ya juya digiri 315 ɗayan ya buga, sannan a jira 405 kafin na farkon ya sake. Bugun ba daidai yake ba, nauyin fistin ɗin ma ba ya kashe juna. Masu buɗa V ɗin zuwa digiri 90, irin Ducati na Italiya, su nasu yana daidaita kansa. Su Harley da kansu daga 1980 suka fara ɗora injin wasu baburansu a kan roba don kada ya riƙa dukan firam, ƙaraminsu Sportster kuma sai 2004 ya samu. Nawa ɗan Japan ya ɗan fi nasu buɗewa, amma dangi ɗaya ne.

Na ce, "To su Turawan ba sa jin haƙoransu?"

Baba ya ce, "Kuɗi suke biya don su ji. Amma ba irin taka ba. Taka rabinta sakaci ne."

Ya koya mini gwaji ɗaya da ya ce in riƙe har abada: in kana gudu ka ji karkarwa, ka damƙe kuloci ka saki totur. In ta ɗauke, daga inji take. In ta ci gaba, ka nemi taya, wili ko sarƙa. Sannan suka shiga aiki. Suka yanke danƙon nan kaf, aka tara shi gefe guda. Cikin kusoshin da ke riƙe inji da firam, ɗaya notinsa ya gudu, ɗaya kuma ba kusa ba ce ma, guntun rodi ne wani bawan Allah ya soka ya lanƙwashe bakinsa. Aka sa na gaskiya da wosha, aka ɗiga musu gam ɗin da ke hana noti warwarewa, aka ɗaure da sifana mai awo, ba irin ɗaurin da ake taka sifana da ƙafa ba. Robobin da ke tsakanin salansa da maƙalinta sun bushe sun farfashe, aka canza. Sarƙa ta saki har tana dukan ƙarfe, aka ja ta aka bar mata wasan da bai wuce santimita biyu zuwa uku ba.

Aikin kafireta shi ya fi burge ni. Biyu ne, kowace silinda da tata, kuma dole su ja iska daidai wa daida, in ba haka ba silinda ɗaya tana aiki ɗaya tana bin ta a baya. Bayan an wanke su, Baba ya ɗauko doguwar roba irin ta ƙarin ruwa a asibiti, ya zuba baƙin mai kaɗan a ciki, ya lanƙwasa ta a jikin katako, ya haɗa kowane baki da maƙogwaron silinda ɗaya. Ana tayarwa man ya ruga gefe guda. Ya riƙa juya wani ɗan sukuru kaɗan-kaɗan, yana taunar goro, har man ya tsaya kai ɗaya a ɓangarorin biyu. Ya mayar da silo wajen juyi 1,100 a minti ɗaya. Ina tsaye na ji muryar injin ta sauya, madubi ya nuna mini fuskata guda ɗaya.

Ya leƙa ƙarshen kan babur ɗin ya ce an cire ƙarafan nauyi da ake toshe bakinsa da su, su ne ke shanye zugar kafin ta iso hannu. Na ba shi labarin rairayin Kawu don mu yi dariya tare. Bai yi ba. Ya ce duk garinmu mutum ɗaya ne ya san abin da yake faɗa, nauyi ake nema, ko rairayi ko harsashin dalma duk suna yi. Wannan maganar ban isar da ita majalisa ba, kuma ba ni da niyya.

Inda muka saɓa da Baba shi ne giya. Ya ce in zagaya da shi ya gani, na zagaya. Ya ce me ya sa nake saka giyar ƙarshe ina tafiyar da mai keke zai wuce ni? Injin yana shaƙewa ne, kowane bugu sai ya girgiza babur gaba ɗaya, in sauko giya ɗaya ko biyu in bar shi ya numfasa. Na ce, "Baba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ya ga ana barin inji ya numfasa?" Ya ce wanda ke tsoron kuɗin mai ba ya sayen 750. Na ce ai shi ba ya noman riɗi. Muka bar ta a haka, na biya, kuɗin da ya kusa sayen tunkiya.

Hanyar komawa sai wanda ya gani. Hula zaune, haƙora shiru, ɗan bugun gadon nan kawai a ƙasan siti, mai daɗi ma. Na wuce Gezawa ina ta raya yadda zan sake kai wa Inna kindirmo. Kwatsam sai na ji zuga a ƙirjina, ɓangaren hagu. Gabana ya faɗi. Na tuna gwajin Baba, na damƙe kuloci na saki totur. Tana nan. To taya ce ko sarƙa. Na gangara gefen titi na tsaya cak. Tana nan. Na kashe injin gaba ɗaya, na sauka, na ja da baya taku uku daga babur ɗin, abin bai fasa ba. Na kai hannu ƙirji ina salati, yatsana ya faɗa aljihu ya danne wani abu.

"Salamu alaikum, Alhaji!" Muryar dillali ce, tar. "Yanzu Baba ya ce mini daga yau za ka riƙa jin waya. Yaya zoɓo?"

Na ce, "Afuwan, ina kan babur."

Ya ce, "Ikon Allah. Lallai gyara ya yi kyau, ko motsinsa ba na ji."