Nasiha ga matashin da ke shirin neman kujerar majalisar jiha

'Yan uwana matasa, tun ranar 31 ga Mayun 2018 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takarar majalisar dokokin jiha daga 30 zuwa 25, ƙofar da aka daɗe da rufe mana ta buɗe, kuma wasu sun riga sun shige. A zaɓen 2023 Rukayat Shittu ta ci kujerar Owode/Onire a majalisar jihar Kwara tana da shekara 26 a duniya. Saboda haka ban zo in karya wa kowa gwiwa ba, burina ma shi ne in ga mun yi yawa a zaurukan nan. Abin da ya dame ni shi ne fostocin da nake gani a bangon unguwanni, kusan kowacce da alkawarin ci gaban al'umma da ceton talaka, amma idan ka zauna da mai fostar ka tambaye shi abin da zai yi da kujerar, sai ka ji yana lissafa maka rijiyar burtsatse da keken ɗinki da buhun shinkafa na azumi. Waɗannan alheri ne, Allah ya saka wa mai yin su, sai dai duk attajirin unguwa yana iya yin su ba tare da an zaɓe shi ba.

Aikin da babu mai iya yin sa sai ɗan majalisa daban ne. Gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafinsa, ba ya naɗa kwamishina sai ta tantance shi, kuma sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta damar bincikar duk ma'aikatar da ta ware wa kuɗi. Ita ce take yin dokar da ƙananan hukumomi ke tafiya a kanta, kuma ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Wannan iko duka yana hannun mutane ƙalilan, domin babu majalisar da ke da ƙasa da mutum 24 ko sama da 40: Kano tana da 40, Zamfara tana da 24. A zauren da bai wuce haka ba, mutum ɗaya da ya san abin da yake faɗa ba ya ɓacewa a cikin taro.

Wanda yake ganin kujerar ƙarama ce ya waiwayi Jamhuriya ta biyu. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamna a jihohi biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar Kaduna, kuma dukansu sun soke haraji da jangali, nauyin da talaka ya daɗe yana kuka da shi tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu. Aƙidarsu ɗaya ce, amma makomarsu ta bambanta. A Kano PRP ce ke da rinjaye a majalisa. A Kaduna kuwa jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye, ta ƙi amincewa da mutanen da Balarabe Musa ya gabatar a matsayin kwamishinoni, har ya yi mulki ba tare da su ba, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Najeriya. Duk wanda ke son siyasar talakawa ya riƙe wannan da kyau: manufa mai kyau tana iya mutuwa a zauren majalisa ko da gwamna ne ya ɗauko ta. A yau ciwon ya juya fuska, domin yawancin majalisunmu sun koma 'yan amshin gwamna, kasafin da ya kamata a shafe makonni ana tankaɗe shi sai a wuce da shi cikin 'yan kwanaki, babu wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya.

Mutanen da suka yi shiru a zauren nan ba duka ne miyagu ba. Da yawansu sun shiga da kyakkyawar niyya irin taku, abin da ya ɗaure musu baki shi ne bashin da suka ci kafin su isa. A shekarar 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha naira miliyan 2, tare da rangwamen rabi ga matasa, PDP kuma ta sayar da nata naira dubu 600, kuma fom shi ne mafi sauƙi a cikin ɗawainiyar. Bayansa a wancan lokacin akwai daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, da aka yi ta bi gida-gida, akwai motoci da man fetur, akwai kuɗin wakilan akwati. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade a lokacin cewa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe sama da naira miliyan 30, kuma ko wannan adadin ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke da shago ɗaya. A daidai wannan gaɓar ne uban gida yake bayyana da fara'a, ya ce ka bar masa komai. Ɗan uwa, ka tsaya ka yi tunani a wannan daren, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin zai zo ne ranar da ake buƙatar ƙuri'arka a kan wani bashi da jiha za ta ciwo, ko a kan wani fili na makaranta da za a yanka a sayar.

Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai, don haka babu wanda zai ce maka ka guji manyan jam'iyya ko ka raina su. Ka girmama su, ka je ka gaishe su, ka nemi shawararsu. Amma ka bambanta tsakanin dattijon da ya sa maka albarka da mutumin da ya saye ka. Idan mutum dubu na mazaɓarka suka haɗa maka naira dubu-dubu, kuɗin ba za su kai abin da attajiri ɗaya zai ba ka a leda ba, sai dai bashin da ya hau kanka na mutum dubun nan ne, kuma shi ne bashin da biyansa ba ya zubar da mutunci. Ka rubuta sunan duk wanda ya ba ka ko sisi, ka karanta musu lissafin a bainar jama'a. Wanda bai saba bayyana lissafin kansa ba, da wuya ya iya tsare kwamishina ya nemi nasa.

Sannan ka san mazaɓarka da ƙafarka. Na taɓa raka wata 'yar uwata asibitin sha-ka-tafi na wata gunduma da daddare tana naƙuda, muka tarar da ma'aikaciya guda ɗaya tak, tana riƙe da fitilar waya a baki domin hannuwanta biyu suna aiki, ga bokiti an tara a tsakiyar ɗaki saboda yoyon rufi. Allah ya sauke ta lafiya, amma hoton wannan baiwar Allah bai bar idona ba. Ɗan majalisar da ya san aikinsa, idan ya ga irin wannan, zai buɗe kasafin jiha ya duba ko an ware wa asibitin kuɗin gyara, idan an ware ya tambayi nawa aka saki, idan an saki ya nemi sanin wanda aka bai wa kwangilar. Zai tambaya ko kason asibitin daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, yana isowa. Haka a ilimi: hukumar UBEC ta tarayya, mai kula da ilimin matakin farko, ba ta sakin tallafinta sai jiha ta ajiye nata rabin, kuma sau da yawa kuɗin suna nan zaune saboda jihohi ba su biya ba, yara kuwa suna zaune a ƙasa. Matashin da ya iya miƙewa a zaure ya faɗi wannan da lamba da sunan makaranta ya fi mai rabon jakunkuna ɗari amfani ga yaran, ko da ba a ɗauke shi hoto ba.

Kada kuma ka yaudari kanka game da jama'a. Za su zo maka da takardar magani, da haihuwa, da kuɗin jarrabawar yara, kuma ba kwaɗayi ne ya kawo su ba, rashin hukumar da za ta share musu hawaye ne. Ka taimaka gwargwadon ƙarfinka, amma tun a yaƙin neman zaɓe ka gaya musu gaskiyar abin da kujerar ke iyawa da abin da ba ta iyawa, domin alkawarin titi da ka yi a kan mumbari alhali ba kai ke bayar da kwangila ba, shi ne zai zama dutsen da za a jefe ka da shi bayan shekara huɗu. Ka zauna da mata a tsakar gida ta hannun shugabanninsu, ka ji abin da ke damun su daga bakinsu, tunda su ne suke cika layin zaɓe tun da sanyin safiya. Ina kuma roƙon ka da girman Allah, kada ka sayi ƙwaya ka bai wa ƙannenmu don su raka motarka da makami. Yaron da ka lalata a watan kamfe yana nan a unguwar bayan an rantsar da kai, kuma mahaifiyarsa ta san wanda ya fara ba shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan da gaske kake, ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka tun yanzu, ka riƙa halartar taron gunduma ko da mutum goma ne suka zo, ka nemi kundin kasafin jiharku na bana ka ja layi a ƙarƙashin duk aikin da aka rubuta wa ƙaramar hukumarku, sannan ka hau babur ka je ka gani da idonka ko an yi. Ka fara nemo wakilan akwati daga cikin mutanen da suka yarda da kai tun kafin a yi maganar kuɗi, mutum ɗaya amintacce a kowace rumfa, wanda ya iya karatu, wanda zai tsaya har a gama ƙirga, kuma ba zai bar wurin ba sai ya sa hannu ya karɓi kwafin takardar sakamako ta EC8A ya kawo maka ita a hannu.