Kafin a sake sayo furen roba

Ina da magana da matan Jos, har da mazan da ke sayo kayan falo. Garin da ke fitar da kabeji da karas da dankalin Turawa zuwa sassan ƙasar nan, amma ka shiga gidajenmu a Gangare ko Angwan Rogo sai ka iske furen roba ya sha ƙura a kusurwa. Abin yana damuna ƙwarai. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai ni shuka ba ta yi a hannuna." Ban yarda ba. Ba hannu ba ne, zaɓi ne da yawan ban ruwa.

Mai farawa ya fara da moda, mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi ke kira Sansevieria. Asalinta nan Afirka ta Yamma ne, daga Najeriya har Kongo, ga shi ta cika shagunan Turai da Amurka mu kuma muna wuce ta. Tana ajiye ruwa a cikin ganyenta, tana jure ɗakin da ba haske sosai, za ki yi tafiyar biki ta mako biyu ki dawo ki same ta garau. Sai alobera, ita kuma tana son bakin taga inda rana ke shigowa.

Abin da ke kashe su shi ne tausayi. Kullum da safe sai an zuba musu ruwa, saiwa ta jiƙe ta ruɓe, ganye ya yi laushi ya kwanta, sai a ɗauka ƙishi ne a ƙara wani. A Jos ma abin ya fi muni. Muna kan tudu kusan mita 1,200, ga sanyi, a Yuli da Agusta kuwa ƙasar tukunya takan daɗe ba ta bushe ba. Don Allah ki tsoma yatsa a ƙasar tukuna. In ya fito da damshi, ki ajiye butar. In ya fito busasshe har gaɓa ta biyu, ki zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan ki manta da ita.

Tukunya dole ta kasance da huji a gindi. Ta yumɓu ta fi, don tana shan iska, amma ko tsohon bokitin fenti aka huda da ƙusa mai zafi ya wadatar. A gauraya ƙasa da yashi da ɗan busasshen taki, kada a cika ta da jar laka zalla. Ruwan da ya taru a farantin ƙasa a zubar da shi, in ba haka ba sauro kike kiwo a falo.

Da hunturu ƙura na toshe ganye, a sa tsumma mai damshi a goge.

Wadda ke son abin da zai shiga tukunyar girki, na'a-na'a ce ko ɗoɗɗoya. Reshe ɗaya daga maƙwabciya, a sa a kofin ruwa, kafin mako biyu ya fid da saiwa. Su kam suna son ruwa da rana, don haka tsakar gida ko baranda ta fi dacewa da su.

Masu ƙananan yara, a kula. Akwai wata mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake kira Dieffenbachia, tana da kyau, amma in yaro ya tauna bakinsa zai yi zafi ya kumbura. Ƙerana kuma, irin wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Filato, farin ruwanta na ƙona ido, kada a shigo da ita ɗaki. Moda ma ba ta ci ba ce, a ɗora ta inda mai rarrafe ba zai kai ba.